Shaho Mai Karanta Rufin Gidaje

In dai cika baki ne, a unguwarsu kaf babu mai kama ƙafar Shaho. Ba ma sunansa ba ne na gaskiya, shi ya raɗa wa kansa ranar da ya dawo daga wani ɗan gajeren kwas na duba hoton tauraron ɗan'adam. Ko gida bai shiga ba, ya tsaya a bakin shagon Tela maƙwabcinsa, jaka a kafaɗa, ya ce daga yau kowa ya riƙa ce masa Shaho, don shi yanzu daga sama yake kallon duniya. 'Yan zaman benci suka karɓa hannu bibbiyu. Abin dariya ya zo musu har ƙofa, wa zai ƙi?

Aikinsa a wani ofishin bincike ne. Shekara da shekaru yana bi gida-gida cikin rana yana tambayar mutane: ku nawa ne a gidan nan, ina kuke ɗebo ruwa, rufinku yana yoyo? Takalman da ya kashe a wannan yawo, Allah kaɗai ya san yawansu. Shi kuwa abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, kujerar shugaban sashen taswira. Wata baƙar kujera ce mai juyawa a ɗaki mai sanyi, mai ita ya yi ritaya ya bar ta tana kallon bango. Kullum da safe sai Shaho ya leƙa ta taga ya gan ta kafin ya gaisa da kowa.

A gida kuma labarin daban ne.

"Baban yara, rufin nan fa," in ji matarsa wata safiya da aka tashi da ruwa, tana jan baho zuwa ƙarƙashin wani sabon ɗigo.

"Uwar yara, ki bari in hau kujerar nan tukuna. Wane gyara? Bene zan ɗora miki."

"Ni ban roƙi bene ba. Ƙusa na roƙa da fallen kwano."

"Kin san da wa kike magana kuwa? Mutumin da ke riƙe da birnin nan kaf a tafin hannunsa kike yi wa zancen ƙusa?"

"To mai birni, ɗaga ƙafarka in sa roba, ruwa na zuba a takalminka."

Gaskiyar magana, Shaho tsoron tsani yake yi. Yana taka mataki na biyu jiri zai ɗebe shi. In an tambaye shi sai ya ce ciwon baya ne. Don haka tun da ya gina gidan bai taɓa ganin saman rufinsa ba. Duk sanda iska ta ɗaga kwano, matarsa ce ke kiran Tela ya hau ya danne da abin da ya sawwaƙa.

Da yamma kuwa a bencin Tela ba ya rasa labari. Wanda ya fi so shi ne na keken hawansa da ya ɓata shekarun baya. Ran da ya fara ba da labarin, ɓarawo ɗaya ne ya ɗauke shi a tsakar gida. Da tafiya ta yi nisa suka zama uku, da adduna. Yanzu sun haura goma, kuma sai da ya karya wa biyu hannu kafin sauran su tsere da keken.

"Allah ya isa dai," Tela kan ce, kai a sunkuye kan ɗinki, kafaɗunsa suna rawa. "Mugayen mutane."

Ana nan, rannan Darakta ta tara ma'aikata. Mace ce mara son dogon surutu. Ta baje wani ƙaton hoto a kan tebur, ga birnin nan kwance, rufi bayan rufi.

"Garin nan yana girma ya bar mu a baya," ta ce. "Inda muka sani gona, yau unguwa ce. Ba za mu iya shiga kowane gida ba. Don haka za a raba hoton nan gida-gida kamar na dara, a ƙirga rufin da ke kowane yanki, sannan a jefa ƙuri'a. Yankunan da suka fito, can za mu yi tambayoyi, su tsaya a madadin sauran. Amma ku ji da kyau: hoton ya kwana biyu. Kafin a ce komai a kan wani yanki, sai an taka da ƙafa an tabbatar da abin da ke wurin."

Shaho ya miƙe tun ba ta rufe baki ba.

"Ranki ya daɗe, taka ƙafa ai aikin marasa ido ne. Ni ki nuna min rufi kawai, in gaya miki mutum nawa ke ciki, da sana'ar mai gidan, da ko suna zaman lafiya da matarsa."

Darakta ta dube shi ta saman tabarau.

"Zan yi tafiya. Ka yi gwaji da yanki huɗu. In na dawo za mu yi baƙi daga masu tsara gari, kai za ka yi musu bayani. In aikin ya yi kyau, kujerar can taka ce. In bai yi ba, ka san inda jakarka take."

Ta haɗa shi da mutum biyu: Direba, da wata ma'aikaciya da ake ce wa Mai Lema, don ko ana rana ko ana ruwa ba ta rabuwa da lemarta.

Mai Lema ta ce a bar kwamfuta ta jefa ƙuri'ar. Shaho ya ce kwamfuta ba ta da kwarjini. Washegari ya aro almakashin Tela, ya zauna ya yayyanka ƙaton hoton nan gutsi-gutsi. Da ƙyar Mai Lema ta samu ta rubuta lamba a bayan kowane yanki, don waya ta iya kai su wurin. Ya tuɓe hularsa, ya zuba gutsattsarin a ciki, ya girgiza, ya ɗaga murya yadda har na ofishin kusa za su ji.

"Ku shaida! Abin da ƙuri'a ta fitar ba a canza shi, ko da gidan ubana ne!"

Ya rufe ido ya zaro huɗu.

Yankin farko dogayen rufi ne a jere, suna ƙyalli. Tun a mota Shaho ya gama karanta su.

"Rukunin gidajen ma'aikata ne. Kowane dogon rufi ɗakuna ne reras, kowane ɗaki da iyali. Masu albashi ne, ku dubi tsari. Nan sai an ba mu ruwan sanyi."

Suna kusantowa wani wari ya cika motar. Direba ya ɗaga gilashi.

"Shaho, masu albashin nan ba sa shara ne?"

"Takin furanni ne. Alamar wayewa ce, ba za ka gane ba."

A bakin ƙofa maigadi ya tare su. Ya nuna wani faffaɗan kwami cike da ruwan magani, ya ce ba a shiga sai an tsoma takalmi.

"Ni za a wanke wa ƙafa kafin in gaida mutane?" in ji Shaho. "Matsa."

Ya ja baya, ya tattare riga, ya yi tsalle zai ƙetare kwamin. Ƙafa ɗaya ta ƙetare, ɗayar ta ƙi. Sai ji aka yi tinjim, ga Shaho zaune a ruwan magani har ƙugu. Ya tashi yana ɗiga, ya ce da ma zafi yake ji. Ya wuce kai tsaye zuwa dogon gini na farko, ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama. Maigadi na ihu a baya, bai ko waiwaya ba. Da bai ji an amsa ba, sai ya zare sakata ya ja ƙofar da ƙarfi.

Wayyo, jama'a! Kaji ne suka ɓarke kamar an fasa madatsar ruwa. Farare fat, ba iyaka, wasu ta tsakanin ƙafafunsa, wasu ta kansa. Wani jan zakara da ke yawonsa a tsakar gonar ya ga baƙon da ya tayar masa da hankalin gida, ya sa shi a gaba. Shaho na gudu yana zagaya tankin ruwa, zakara na bin sa yana saran dunduniya. Direba ya riƙe ciki ya jingina da mota.

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba," ya ce, hawaye na zuba. "Kaza na korar shaho!"

Mai gonar ya fito a guje, hula a hannu. Da ya ji bayanin abin da ya kawo su, sai ya gyaɗa kai.

"Au, ƙidaya kuka zo yi? Madalla. To Malam, kama ka ƙirga, har su cika. Ba mai fita sai ta ƙarshe ta koma."

Sai la'asar suka bar gonar. Shaho na zaune a gaban mota kan buhu, gashin kaza a gemu, a kunne, har cikin aljihu. Can ya yi gyaran murya.

"Ai na faɗa akwai cunkoso. Irin mazaunan ne kawai hoton bai fayyace ba."

Yanki na biyu babu rufi ko ɗaya. Fili ne fetal, sai wata ƙatuwar bishiya a tsakiya.

"Nan babu kowa," in ji Shaho da safe. "Mu je kawai mu sha iska a inuwar bishiyar nan, mu huce gajiyar jiya."

Waya ta ce a yi dama, suka yi dama. Ta ce a yi hagu, suka yi hagu. Hanya ta fara tsukewa. Katanga ta nan, katanga ta can, igiyoyin shanya a sama, akuya kwance a bakin wata ƙofa.

"Shaho, filin nan naka da mutane a ciki," in ji Mai Lema.

"Bakin filin ne. Direba, ci gaba."

Direba ya ci gaba har madubin dama ya karce bango, na hagu ya lanƙwashe. Mota ta tsaya cak. Gaba ba hanya, baya ba dama, ƙofa kuma ba ta buɗuwa. Sai ta bayan mota suka fito ɗaya bayan ɗaya, da rarrafe. Kafin su miƙe, mutane sun taru.

Mai hankali da ya ba da haƙuri. Shaho kuwa ya hau kan wani bulo, ya ɗaga guntun hotonsa sama.

"Jama'a, akwai kuskure. Nan wurin fili ne. Babu kowa a nan."

Wata mata da ke wanki a ƙofar gidanta ta miƙe, kumfa har gwiwar hannu.

"Babu kowa? To mu aljanu ne?"

"Baiwar Allah, ba ni na faɗa ba, tauraro ne. Ga shi a hoto, ba gidanki."

"To ka koma ka gaya wa tauraron a gidan nan na haifi 'ya'ya biyu. In bai yarda ba ya sauko ya gani."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Ku bi a hankali, masu rusau ne!" Ai kuwa maganar ta zagaye unguwa kamar wutar kara. Masu rusau sun zo! Maza suka fito da sanduna, mata da bokitai. Mai Lema ta buɗe lemarta daidai lokacin da mai wanki ta watso ruwan baho. Lema ta kare mai ita, ruwan ya sauka kan Shaho tun daga hula har takalmi.

Da ƙyar Mai Lema da Direba suka fahimtar da mutane cewa tambayoyi kawai suka zo yi. Da hankali ya kwanta, wani kafinta ya ji tausayin Shaho, ya jawo masa benci ya zauna ya bushe. Shaho ya dubi hoton, ya dubi gabas da yamma.

"To wai ina bishiyar?"

"Kana zaune a kanta," in ji kafinta.

Samarin unguwa suka turo motar da baya har bakin titi, fenti ya rage a katanga biyu. A hanya Shaho ya ce laifin mutanen ne, da suka yi gini ba su jira an sake ɗaukar hoto ba.

Yanki na uku ƙananan fararen rufi ne, tsawonsu ɗaya, a jere kamar an auna da igiya. Shaho ya ce baƙi ne sabbin zuwa gari, masu haya ɗaki ɗai-ɗai. Da suka isa, sai ga matattun motocin haya an jera su, ba taya, ba gilashi, ciyawa ta fito ta cikin inji. Direba ya buɗe baki zai yi magana, Shaho ya ɗaga masa hannu. Ya hango ƙafar mutum ta tagar wata mota.

"Kun gani? Mazauni!" Ya ruga ya tashe shi. "Malam, ku nawa ne a gidan nan?"

Mutumin ya mutsuke ido. "Wane gida? Ni bakanike ne, rana na guje wa."

"Amma kana kwana a nan?"

"Ina kwana, da kai ba ka tashe ni ba."

Shaho ya sunkuya zai leƙa ƙarƙashin motar ko akwai sauran iyali. Akwai kuwa: karya ce da 'ya'yanta. Ya bar mata rabin ƙafar wando kafin ya kai mota.

A hanyar komawa ya yanke hukunci. Yanki na huɗu ba za a je ba. Ya gaji da ƙasa, ƙasa ba ta da tsari. Daga hoto zai karanta shi a gaban baƙi, a nan ne gwanintarsa take. Kuma kada wanda ya kuskura ya yi zancen kaji.

Mai Lema na duban wayarta, ta ɗan yamutsa fuska.

"Shaho, yanki na huɗun nan fa, wayar tana nuna kamar..."

"Ki ajiye wayar nan. Ba ita ta kai mu gidan kaji ba?"

"Amma da ka duba..."

"Na ce ki ajiye."

Ta miƙa wa Direba wayar ya leƙa. Direba ya dubi waya, ya dubi Shaho, ya cije leɓe, ya ƙura wa titi ido.

Ranar taro Shaho ya sha sabon ɗinki. Bai tsaya nan ba, ya gayyato matarsa ta zo ta ga ranar da zai hau kujera. Ya gayyato Tela don ya kai labari benci. Ya kuma aika aka ɗauko surukarsa, uwar matarsa, wadda tun ranar aure take masa kallon mai yawan magana. Ya zaunar da su a sahun gaba, kusa da Darakta da baƙi.

"Yaya yankuna ukun farko?" in ji Darakta.

"Ana kan tace su, ranki ya daɗe. Amma bari ku ga aiki da idonku."

Aka kashe fitila. Mai Lema ta kunna majigi, yanki na huɗu ya fito a bango, tar da shi. Shaho ya ɗauki doguwar sanda. Ya nuna wani gida ya ce mai shi ɗan kasuwa ne, ya nuna wani ya ce akwai tsofaffi a ciki. Baƙi na gyaɗa kai don ladabi. Da ya ga haka sai kansa ya ƙara girma. Idonsa ya faɗa kan wani rufi a tsakiyar hoton, ya yi dariya tun kafin ya fara.

"Yauwa! Wannan gida ya isa a koyar da darasi a kansa. Ku dubi tsatsa. Ku dubi shuɗin tampol da aka shimfiɗa, an danne da tsofaffin tayoyi. Ni daga nan ina gaya muku, ruwa har kan gado yake zuba. Matar gidan nan baiwar Allah ce, rayuwarta kaf a jan baho ta ƙare."

"Allah sarki," in ji surukarsa.

"Mai gidan kuwa, Inna, ba sai na gan shi ba. Malalaci ne. Irin masu zaman bencin nan, baki kamar rediyo, hannu bai san nauyin guduma ba. Kullum gobe, kullum gobe. Ni da 'yata ce a gidan nan, wallahi da na je na ɗauko abata."

"Gaskiyarka, ɗan nan," in ji surukar. "Ai irinsu ba a bar musu."

Shaho ya ji daɗi har cikin ransa. Yau ce rana ta farko da ta taɓa gaskata shi. Ya ƙara matsawa kusa da bango.

"Ku dubi ƙarshen lalacewa. Kun ga zagaye biyun nan? Mataccen keke ne aka jefa a kai don a danne kwano."

Wani irin sauti ya fito daga wajen Tela, kamar an taka wa ɗan akuya wutsiya. Ya cusa hularsa a baki.

Matar Shaho ta miƙe a hankali.

"Baban yara, a ɗan matso da hoton nan."

"Uwar yara, zauna, wannan aikin masana ne."

Amma Mai Lema ta riga ta matso da shi. Rufin ya cika bango.

"Wancan jan abin a tsakar gida tankina ne," in ji matar. "Tampol ɗin nan mai facin ruwan ɗorawa, ni na kai wa Tela ya ɗinke. Inna, ga ma inda kike shimfiɗa tabarma in kin zo."

"Keken kuma ni na hau da shi," in ji Tela, ya zare hula daga baki da ƙyar. "Ni na ɗaure shi da waya. Shaho, ga ɓarayinka goma sha wani abu, an kama su!"

Ɗakin ya fashe da dariya. Wani baƙo ya sunkuyar da kai kan tebur yana dukan katako. Shaho ya tsaya da sanda a hannu, hasken majigi a fuskarsa, tsatsar rufinsa kwance a kan sabuwar rigarsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Amma... keken ai sace shi aka yi."

"Na gaya maka ranar, kana ta surutu ba ka ji ni ba," in ji matarsa. "Da gari ya waye ka ce ɓarawo. Kafin in buɗe baki sun zama uku, sai na ji nauyin rage maka su."

Darakta ta cire tabarau tana goge ido. "Hoton nan fa ya kai shekara biyu da ɗauka."

Surukar ta juyo gaba ɗaya. "Shekara biyu 'yata na kwana da baho?"

"Ya fi, Inna."

"To ɗan nan, ɗazu ka ba da shawara mai kyau. In ɗauko abata ko?"

"A'a, Inna! Misali na yi! Ranki ya daɗe, a cire yankin nan, akwai matsala a cikinsa."

"Abin da ƙuri'a ta fitar ba a canza shi," in ji Mai Lema daga bayan majigi. "Ko da gidan uban mutum ne. Duk ofis sun shaida."

Wani baƙo ya tambayi labarin sauran yankunan. Direba, wanda ya kwana uku yana haɗiye dariya har cikinsa ya yi ciwo, ya ce shi dai ba zai iya ƙara riƙewa ba. Ya fara daga kwamin magani, ya bi ta zakara, ya sauka kan karya. Kafin ya gama, sai da aka buɗe tagogi don mutane su sha iska.

Darakta ba ta yi faɗa ba. Ta ce kujera za ta ci gaba da kallon bango. Shi kuma ya nemi sabon takalmi mai ƙwari, don duk yankin da ƙuri'a ta fitar nan gaba, shi zai fara taka shi da ƙafa, lungu-lungu. Surukar kuma ta ce ba za ta koma gida ba sai ta ga ƙusa ta shiga kwano.

Ranar hutu da hantsi unguwa ta taru a ƙofar gidan Shaho kamar ana rabon wani abu. Surukar na zaune a kujera a tsakar gida, ta harɗe hannu. Tela na riƙe da tsani. Shaho ya taka mataki na farko, ya taka na biyu, ya rufe ido, ya karanto duk addu'ar da ya sani.

"Ciwon bayan ne?" in ji Tela.

"Riƙe tsani, ka bar surutu."

Da rarrafe ya kai sama. Ya daɗe a kwance rub da ciki kafin ya buɗe ido. Ga keken nan kuwa, tsatsa ta cinye shi, har tsuntsu ya yi sheƙa a kwandon. Ya ɗaga kai ya duba. Rufi ne iyakar ganinsa, sabo da tsoho, har can inda ya san gonaki ne lokacin da ya sayi filin. Abin ya ba shi mamaki ƙwarai, har ya manta da jiri. Ashe haka garin ya cika yana zaune a benci.

A ƙasa kuma Mai Lema ta iso da jakarta, don ƙuri'a ta ce a yi wa gidan tambayoyi. Matar gidan ta shigar da ita ɗaki suka zauna a bakin gado.

Shaho ya buga ƙusa ɗaya ta lanƙwashe. Ya buga ta biyu ta shiga. Da ta uku ta shiga, sai ya ji ƙarfi ya zo masa. Kafin ya gama fallen farko, tsohon halin ya dawo daram. Ya miƙe tsaye, guduma a kafaɗa, ya leƙo 'yan kallo.

"Kun gani? Ni da ma aikin sama nawa ne! Magina ma sai su zo su koya." Ya ɗaga kai ya dubi sararin sama, ya buga ƙirji. "Kai tauraro! Yanzu ne lokacin ɗauka! Ɗauki nan!"

Ya gyara hula, ya ja da baya don ya fito sosai a hoto. Tsohon kwanon da ke bayansa ya ce ƙarass.

A cikin ɗaki, Mai Lema ta iso tambayar rufi ke nan.

"Yaya, rufin gidan nan akwai inda ya huje?"

Ƙura ta zubo musu. Suka ɗaga kai. Ƙafar Shaho ce ta ɓullo ta silin har cinya, da sabon takalmi, tana lilo daidai saman gado. Matar ta dube ta na ɗan lokaci.

"Rubuta akwai," ta ce. "Amma wannan sabo ne, hotonku bai kama shi ba."

Ta miƙe ta jawo baho. Daga sama suka jiyo muryarsa, tana rawa amma ba ta karaya ba.

"Mai Lema! Ki gaya wa Darakta wannan yankin na taka shi da ƙafa, na tabbatar!"

A waje Tela ya saki tsani ya zauna a ƙasa, yana ƙyaƙyata dariya.